Shekarar Da Baba Ya Yi Layya A Zaune

Sadiq, Ummi, wannan babin ku karanta shi da idonku, ko da za ku yi mako kuna harhaɗa baƙi. Kada ku ba wayarku ta juya muku shi zuwa Turanci, ba na son maganar ta bi ta bakin kowa kafin ta iso gare ku. Tun kuna ƙanana nake ce muku kakanku dillalin shanu ne. Haka kuka faɗa wa malamanku, kwanan nan ma na ji Ummi tana faɗa wa 'ya'yanta. To ƙarya ce, kuma ni na ƙaga ta. Kakanku mahauci ne, ubansa mahauci, kakansa mahauci, gidanmu na Gumel a unguwar mahauta yake, katanga ɗaya ce tsakaninmu da kwata. Sau ɗaya tak ya taka ƙasar nan, ya zauna da mu a gidanmu na Laurel, kuma abin da na yi masa a wannan zuwan shi nake son in ajiye muku a rubuce tun hannuna bai fara rawa ba.

Na san abin da za ku ce, har ina jin muryar Sadiq: to mene ne a ciki? Ku da kuka tashi a nan ba za ku gane ba. A nan mai yankan nama a kanti ma'aikaci ne kamar kowa, yau yana yanka, gobe ya ajiye ya koma tuƙin babbar mota, ba wanda zai tambayi 'ya'yansa. A gida sana'a gado ce. Maƙeri ɗan maƙeri ne, wanzami ɗan wanzami, haka majemi, haka maroƙi, mutum yana faɗar unguwarsu an san abin da kakansa yake yi. Kowa na cin nama, ranar suna kowa na aikawa a kira kakanku Audu mahauci tun da asuba, a yi masa kirari, a ce hannunsa ba ya ɓata fata. Amma akwai gidajen da in ɗansa ya je neman aure sai a ce yarinya an riga an yi mata miji. Ni a makarantar kwana na fara sanin haka. In na shigo ɗaki sai wani ɗan hakimi ya ɗaga hanci ya ce yana jin ƙaurin kitse, sauran su fashe da dariya, alhali na yi wata uku ban ga gida ba. Abin da ya cece ni shi ne malamin rajista, wanda ya rubuta sunan garinmu a bayan sunana kamar yadda ake yi wa kowa. Da wannan sunan na gama karatu, da shi na samu aiki a gidan rediyo a Washington, na yi shekaru ina karanta labarai mutanen ƙauye suna ji, ba wanda ya san ɗan wane gida ne yake magana.

Baba kuwa ko a jikinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, babban yatsansa na hagu duk tabo, in ya yi dariya sai an ji a maƙwabta. Bayan sallar asuba ƙarar wasa wuƙarsa ce take tashinmu, kuma har yau, wallahi, in na farka a gidan nan na ji shiru sai in ji kamar wani abu ya ɓace. Ƙamshin nan na kitse da hayaƙi da yara suke tsokanata da shi, a jikin rigarsa yake, sabulu ba ya fitar da shi. A lokacin na tsane shi. Yanzu da zan samu rigar nan da na rungume ta na kwana.

Mahaifiyarku ce ta matsa a kawo shi. Hajara ta san komai tun kafin aure, kuma ba ta taɓa yarda da ɓoyon da nake yi ba, shiru kawai take yi mini. Shekarar da Sadiq ya shiga aji shida ta ce tsohon nan ƙarfinsa yana raguwa, a nema masa biza ya zo ya ga jikokinsa, ya yi babbar sallah da mu. Aka samu, ya zo da zafi-zafi, saura mako shida sallah, da niyyar zai yi wata huɗu. Da muka buɗe akwatinsa a gida sai ga ƙunshin tsumma a ƙarƙashin riguna. Wuƙarsa ce, da dutsen wasawa.

"Baba, wannan fa? Ai da sun kama ka a filin jirgi."

"Sun gani, Ɗanlami. Na nuna musu da hannu cewa ta aiki ce. Ka ce in zo layya, da me zan zo?"

Ɗanlami yake kirana, ba ya faɗar sunana na yanka domin ni ne ɗan fari.

Zaman Laurel bai karɓe shi ba. Ni ina bin jirgin ƙasa zuwa ofis, Hajara tana wajen aikinta a asibiti, ku kuna makaranta, in kun dawo ya yi muku Hausa ku amsa da Turanci, ya yi ta dariya yana cewa an haifa masa Turawa baƙaƙe. Abin da yake faranta masa rai shi ne in Hajara ta dawo da nama daga kanti. Sai ya kwance ledar, ya juya tsokar, ya girgiza kai.

"Wanda ya yanka wannan ba ya tsoron Allah. Dubi yadda ya bi ta kan jijiya. Kawo katakon nan, 'yata."

Ita kuma ta miƙa masa ta koma gefe tana kallo. Amma duk ranar da baƙi za su zo gaishe shi, mutanenmu na ofis da na masallaci, ni nake tsayawa a kan ya sa babbar riga ya zauna a falo. In gabatar da shi in ce Alhaji Audu ne, harkar shanu yake yi. Bai taɓa ƙaryata ni ba. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, shanu kam mun san su.

Yanzu bari in kawo muku mutumin da kuke kira Ankul Suresh, maƙwabcinmu Ba'indiye, wanda gidansa yake jikin namu. Injiniyan kwamfuta ne, yawanci a gida yake aiki, shi ya sa ya zama shi kaɗai ne babban mutumin da Baba yake gani da rana. Ba Turanci a bakin Baba, ba Hausa a bakin Suresh, amma sai in dawo in tarar da su a kan matakalar ƙofa suna shan shayi, Baba yana zuba yana kiransa Sule, shi yana gyaɗa kai. Abu ɗaya da na daɗe da lura da shi game da Suresh shi ne maganar nama. In muna gashi a bayan gida zai tsallako ya ci har ya lashe yatsu, amma ya taɓa roƙona kada in ambata a gaban abokansa Indiyawa, domin su a saninsu ba ya ci. Na ɗauka addini ne, ban bincika ba.

Wata Asabar da hantsi muna gyaran shingen da ya raba gidajenmu, ni ina riƙe katako shi yana buga ƙusa, sai ya ce:

"Mahaifinka, wace sana'a ka ce yake yi?"

"Dillancin shanu."

Ya ajiye hamar ya dube ni, yana ɗan murmushi irin wanda ban so ba. Ya ce shekaranjiya ya fito da jakar fata da ya saya, Baba ya miƙa hannu ya karɓa. Ya shinshina ta, ya lanƙwasa gefenta, ya karce ta da farce, sannan ya yi kukan akuya ya nuna jakar, ya kuma nuna wani wuri da yatsa ya yi alamar wuƙa ta zame.

"Mutum ɗaya na taɓa gani yana duba fata haka," in ji Suresh. "Kakana."

Ranar ya ba ni labarin da ya ce ko 'ya'yansa bai ba su ba. Ya ce a wajensu, mabiya addinin Hindu, kowa ana haifarsa ne a cikin wani rukuni na gado, kuma a ciki zai mutu. Akwai na sama, zuriyar masu kula da wuraren ibada da karatu, akwai na sarauta, akwai na kasuwanci, akwai na aikin ƙarfi, sannan akwai waɗanda ba a ma sa su a lissafi, waɗanda ake cewa taɓa su yana ƙazantar da mutum. Su mutanensa suna cikin waɗannan na ƙarshe. In saniya ta mutu a ƙauye su ake kira su ja gawar, su feɗe, su jeme fatar, su ɗinka takalmi. Unguwarsu tana bayan gari. Rijiyar gari ba su da ikon zura guga a cikinta. Ya ce yana yaro mai shayin bakin hanya yana da kofi dabam na 'yan unguwarsu, a rataye a waje, in ka sha kai za ka wanke ka mayar. A aji kuma a bakin ƙofa yake zama, duk da shi yake zuwa na ɗaya. Ya ce doka ta daɗe da hana wannan, amma doka ba ta shiga kicin ɗin mutane. Mahaifinsa ya hana shi koyon aikin fata, ya tura shi birni karatu, ya sa aka cire sunan gidansu daga takardunsa aka sa wani suna da kowa yake iya ɗauka, wanda ba ya nuna asalin mutum.

Na ce ai yanzu yana Amurka, an wuce wurin. Ya yi dariya. Ya ce a ofishinsu in sabon ɗan ƙasarsu ya zo, hira ce mai daɗi: mene ne cikakken sunanka, wane ƙauye, wace unguwa, kuna cin nama a gidanku? Wani ma sai ya dafa kafaɗarka kamar na zumunci, alhali yatsunsa suna laluben zaren da 'yan rukunin sama suke ratayawa a ƙarƙashin riga. Shi ya sa yake cewa ba ya cin nama. Na tambaye shi da me mutanensa suke jimar fata, ya kwatanta mini wata itaciya mai ƙaya da furanni rawaya, ya nuna mini hotonta. Kai, bagaruwa ce! Irin wadda majeman garinmu suke dakawa.

Ku dubi halin ubanku. Mutum ya buɗe mini cikinsa, maimakon in buɗe nawa sai na hau wa'azi. Na ce mu alhamdu lillahi ba mu da irin wannan, mu sahu ɗaya muke sallah, sarki da talaka kafaɗa da kafaɗa, kwano ɗaya muke ci, ba wanda taɓa shi yake ƙazantar da wani. Kuma gaskiya na faɗa, har yau ina cewa abin da aka yi wa mutanen Suresh ya fi namu muni nesa ba kusa ba. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ɗauki hamarsa.

"Na ji daɗi da ba ku da shi. To me ya sa in baƙinku sun zo mahaifinka yake ɓoye hannuwansa a cikin riga?"

Na ji haushi, na ce katakon ya karkace, ya buga ƙusarsa. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi bai taɓa kawo nasa uban ƙasar nan ba. Ya yi ta cewa baɗi, domin ya san ranar da tsohon ya buɗe baki a gaban abokansa, lafazinsa kaɗai ya isa ya tona komai. Har tsohon ya mutu bai ga gidan ɗansa ba.

Da ina da hankali, da wannan maganar ta ishe ni.

A shekarun nan mutanenmu na wannan yanki gona ɗaya muke zuwa layya, can gaba da Manassas, wajen wani Bature mai kiwon tumaki. Bayan an sauko idi sai a ɗunguma da motoci, mata su shimfiɗa tabarmi a inuwa, liman ya bi raguna yana yankawa, sannan a shiga layi wajen ma'aikatan gonar su biyu da suke fiɗa. Ana gobe sallah da la'asar na ji ƙarar nan daga gareji, ƙarar da na tashi da ita. Na leƙa na ga Baba a tsugune, ya ɗiga ruwa a kan dutse yana wasa wuƙa, yana gwada kaifinta a gashin hannunsa. Fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun ranar da ya sauka. Na tsaya a bakin ƙofa ina juya abin da zan ce. Gobe duk wanda nake jin kunyarsa a ƙasar nan zai kasance a gonar: shugaban sashenmu, likitoci, wani Alhaji Bashir ɗan gidan sarauta da matarsa take ƙawance da Hajara. Minti biyar Baba ya yi a kan rago, duk wanda ya tashi a Arewa ya gane.

"Baba, gobe da ka bar wuƙar nan a gida."

Ya ɗago.

"Akwai ma'aikata, aikinsu ne. Kai baƙo ne, kuma babba. Na ɗinka maka shadda, so nake ka zauna cikin manya ka huta."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya goge wuƙar a tsumma, ya naɗe ta, ya ce:

"To, Ɗanlami."

Da na shiga ciki Hajara tana tsaye a kicin, ta ji komai.

"Baban Sadiq, ka ji tsoron Allah. Tun daga Gumel tsohon nan ya ɗauko ta."

"Ba ruwanki, Hajara."

"Da ruwana. Naman da ya yi ta yanka ne ya kai ka makarantar da kake taƙama da ita."

Na buga ƙofa na fita. Ku kuna falo kuna kallon talabijin, ba ku san abin da ake ciki ba.

Washegari Suresh ya biyo mu, domin Baba ya yi ta jan hannunsa tun kwana uku yana nuna masa alamar rago. Na zaunar da Baba a kujera cikin inuwar manya, shaddar tana ƙyalli, hula a karye. Rana ta yi zafi, raguna sun fi arba'in a kwance, ma'aikata biyu sun rasa inda za su sa kansu. Da aka ga nama zai lalace sai samari suka ce bari su taimaka, 'yan jami'a daga College Park, yaran kirki, amma ba wanda ya taɓa feɗe ko zomo. Suka rataye ragonmu a reshe suka hau shi da wuƙaƙen kicin. Ku sani, fiɗa ba da wuƙa ake yin ta ba sai a ƙafafu da wuya. In an buɗe hanya, hannu ake dunƙulewa a tura tsakanin fata da nama, fatar ta sauko ɗungurungum kamar an cire riga. Ni kaina na iya, tun ina shekara tara na iya. Yaran nan kuwa sai yanka suke, su huda fata nan, su tafi da tsoka can. Ina jin numfashin Baba a gefena yana sauyawa.

Sai Alhaji Bashir ya kwashe da dariya ya ce:

"Kai, yau ake neman ɗan mahauta! Ba ko ɗaya a cikinmu? Af, na manta, wane ne zai ba mahauci biza?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Wannan ita ce maganar da na shekara ashirin da wani abu ban iya faɗa wa kowa ba: na yi dariya, har da tafa hannu, ubana yana zaune kusa da ni. Ban dube shi ba, amma na ji ya juyo.

Ana haka ɗaya daga cikin yaran ya kai wuƙa zai farka ciki, ya riƙe ta kaifi ƙasa, tsinin yana fuskantar tumbi. Baba ya yunƙura, har ya kama hannun rigarsa zai naɗe. Na ɗora hannuna a kan gwiwarsa na danna. Ba da ƙarfi ba, amma ya gane. Ya koma ya zauna. Yaron ya soka, tumbi ya fashe, ƙazanta ta wanke naman, mata suka ɗauki salati, maza suka ci gaba da dariya. Baba ya zura hannuwansa biyu cikin babbar riga, bai sake fito da su ba har aka tashi. Da aka kawo soyayyiyar hanta ya ce cikinsa ba ya masa daɗi.

Suresh yana tsaye jikin mota, duk a kan idonsa. Da za mu tafi ya je ya ɗauko fatar ragon daga inda aka jefar da ita, ya kawo wa Baba, ya shimfiɗa a kan ciyawa. Su biyu suka tsuguna a kanta. Baba ya zura yatsa a hujin farko, ya zura a na biyu, ya ƙirga har tara, ya ce da Hausa wannan ko buzun sallah ba za ta yi ba. Suresh ya amsa da yarensu. Ba wanda ya ji abin da ɗan'uwansa ya ce, amma na ga idon Suresh ya kawo ruwa. A hanyar dawowa ku biyu kuna baya kuna ta faɗa a kan wa zai zauna jikin taga. Da muka sauka Suresh ya tsayar da ni a bakin shinge.

"Ni ban kawo nawa ba. Kai ka kawo naka ka ɗaure masa hannu. Ban san wanda ya fi wani laifi a cikinmu ba."

Kwana huɗu bayan sallah Baba ya ce a sauya masa tikiti. Na ce ai saura wata biyu da rabi. Ya ce damina ta yi nisa, kuma baffanku Sani ba zai iya da rumfa shi kaɗai ba. Hajara ta durƙusa ta roƙe shi har da kuka, ya dafa kanta ya sa mata albarka, ya ce ita kam ta yi masa komai. Ni bai yi mini faɗa ba, bai ɗaure mini fuska ba, da ma ya yi. Ranar tafiya ya tsallaka gidan Suresh da ƙunshin tsumman nan a hannu, ya dawo hannu wofi. Wuƙar da na ɗauka wata rana ni zan gada, Ba'indiye ya bar wa. A filin jirgi na yi niyyar in ce ya yafe mini. Maganar ta zo har maƙogwarona, sai na ji kaina ina ce masa ya riƙe fasfo da kyau, kada ya ba kowa jakarsa. Ya ce to, Ɗanlami, Allah ya yi albarka. Ya bi ma'aikaciyar jirgi, yana ɗan ɗingishi, bai waiwayo ba.

Na ce wa raina baɗi zan gyara. Zan sake kawo shi, in sayi rago mafi girma a gonar, in kira Alhaji Bashir da kowa da kowa in ce ku matso ku ga yadda ake fiɗa, wannan ubana ne. Har jimlar na tsara, ina maimaita ta a jirgin ƙasa. Muna waya duk Juma'a, ya tambayi jikokinsa, ya tambayi Sule, in ce lafiya lau, sai kati ya ƙare. A waya ba a faɗar irin wannan magana, haka nake ce wa kaina. Azumi na gaba, ranar goma sha bakwai, ina ofis ina shirin shiga ɗakin karanta labarai, Sani ya kira. Baba ya dawo daga kwata ya ce kansa yana sarawa, ya kwanta, kafin la'asar an gama. Na shiga na karanta labaran duniya da muryata daidai, na fito na zauna a matakala na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Sai bayan kwana tara na isa Gumel. Da na gama karɓar gaisuwa a zaure, Sani ya ce abokan aikin Baba suna son ganina, tsofaffin da ƙafarsu ba ta kai su gida ba. Rabona da shiga kwata tun ina saurayi. Na tafi ina jan ƙafa, domin na tabbata ya gaya musu. Da wa zai yi wannan hirar in ba su ba? Na shirya wa kallon da za su yi mini, kuma na san na cancanta.

Suna zaune a benci ƙarƙashin rumfa, su biyar, hannuwansu duk irin nasa. Suka miƙe mini, tsofaffi sa'annin ubana. Babban cikinsu, Baba Ilu, wanda suka yi shekara hamsin rumfarsu tana jere, ya riƙe hannuna da nasa biyu ya ƙi saki. Aka yi addu'a aka shafa. Sannan ya ce:

"Ɗanlami, Allah ya yi maka albarka kamar yadda ka yi wa ubanka. Tun da ya dawo ba shi da hira sai taka, har mun haddace. Ya ce ranar sallah ka ɗinka masa shadda, ka zaunar da shi cikin likitoci da 'ya'yan sarakuna. Ya ce ya yunƙura zai kama aiki ka riƙe masa gwiwa, ka ce ina, Baba, ka yi mai isarka. Ya ce shekara sittin yana fiɗa, bai taɓa yin layya a zaune ba sai a gidan ɗansa."

Sauran suka ce ƙwarai, haka ya faɗa, haka ya faɗa. Na dubi Sani, ya kau da kai. Baba Ilu ya girgiza hannuna ya ce, mu namu 'ya'yan wa ya taɓa yi mana haka?

Ni kuwa, Allah ya gani, na buɗe baki na ce amin.